Kujera a Gefen Zakara

Zuwa ga aminina Baƙin-Mai,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya. Yaya gwiwar taka, yaya kuma idon? Ka gaida autarka da za ta karanta maka wannan, ka ce ta yi haƙuri da rubutuna. Ka san ban taɓa zama a aji ba. Uwar yaran nan ce ta koya mini baƙi da alli a kan teburin yanka, kuma har yau a karkace suke tafiya.

Ka tuna shekarar da ruwa ya cinye gadar kasuwa, muka yi damina guda muna zagayawa ta bayan makarantar 'yan mata? A shekarar na sayi babur ɗina. Kai ka raka ni, ka kafa sukundireba a jikin injin ka ɗora kunne, ka ce in saya ko da zan kwana da yunwa. Kai ne kuma ka sa masa suna Zakara, don ya fi na unguwa tashin mutane. Yanzu in na ce wa matasa gadar nan da ta katako ce, kallon mai ruɗewa suke yi mini. Ni da kai kaɗai muka rage da muka taka ta.

Ba don tuna baya na ɗauki biro ba. Uwar yara ba ta da lafiya. Na ƙi gaya maka ta waya, don in na fara maganar da baki muryata ba ta kai ni ƙarshe. Tana shanya a tsakar gida ta faɗi. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, hannu da ƙafa, bakin ma ya ɗan karkace. Matar da ka sani, wadda ba a gama gardama da ita sai an bar mata, yanzu kalma ɗaya sai ta yi gumi kafin ta fito.

Likita ya ce akwai sauran rai a ƙafar, amma sai ana kai ta asibiti duk mako ana motsa mata gaɓoɓi. In aka yi sake ta sandare, shi ke nan. To ka san lungunmu. Mota ba ta shigowa, balle yanzu da kowa ya ƙara baranda a gaban gidansa. Keken marasa lafiya da aka ba mu aro, ba ni da ƙarfin tura shi a hawan nan. Zuwan farko maƙwabta suka ɗauke ta a kujerar roba har bakin titi, mutane na leƙowa ta taga. Da mako ya zagayo ta riƙe ƙarfen gado da hannun mai lafiya, ta juya fuska bango. Tun daga nan ba ta sake taka waje ba.

Babban ɗanmu ya zo. Ban ga laifin Babba ba, uwarsa ce. Ya ce in wata ya ƙare ba a koma asibiti ba, zai zo ya tafi da ita garin da yake aiki, can asibiti na kusa da su. Wai ni ma in biyo. In bi in kwanta a ina? A saman bene suke, gidan cike da yara. Ni dai na sani, in ta hau benen nan ba za ta sauko da ƙafarta ba. Kuma tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa kwana a gari tana wani garin ba.

Sai na buɗe shagon ɗinkina da ke jikin gida, wanda na rufe tun da ramin allura ya ɓace mini. Hanya kuwa ina ganinta tar, kada ka fara. Zakara na nan a ƙarƙashin tsohon labule, taya a sace, tanki ya yi tsatsa. Shekara da shekaru a bayansa take zama, ba ta taɓa jin kunyar a gan ta a kansa ba. Yanzu ba za ta iya riƙe ni ba. Amma na taɓa ganin hoton wani babur a kalanda, da kujera a gefensa mai tayarta daban. Irinta zan yi mata, a nan cikin shago, inda ba mai ganina balle ya kai wa Babba rahoto.

Na san abin da za ka ce, ina ruwan tela da ƙarfe. Gaskiya ne, duk zamanmu kai kake taɓa shi, ni ko fulogi ban taɓa kwancewa ba. Ka gama zagin, sannan ka sa autarka ta rubuto mini dalla-dalla yadda ake wanke kafireta, da abin da ake yi wa tankin da ya yi tsatsa.

Ka gaida mutanen gida da kyau. Ka sa ta a addu'a.

Amininka,
Tela

*

Zuwa ga Baƙin-Mai,

Gaisuwa da fatan kun tashi lafiya. Yaya jikin, yaya yaran? Allah ya ƙara sauƙin gwiwa.

Takardarka ta iso. Rabin farko faɗa ne, na tsallake. Ka ce irin Zakara ya ƙare a duniya, in na sa masa wutar walda ba za ka yafe mini ba. To sai ka fara neman inda za ka ajiye fushin, don an riga an sa. Na gode da rabi na biyu.

Ga yadda na yi da kafireta. Na shimfiɗa farin yadi a teburin yanka, duk abin da na kwance sai in ajiye in zagaye shi da alli, kamar yadda nake ware hannun riga da wuya. Wani ɗan sifirin, 'yar murɗaɗɗiyar wayar nan, ya yi tsalle ya ɓace, na yi ta rarrafe kamar jariri, sai maganaɗisun da nake tsince allurai ya kamo mini shi a ƙarƙashin keken ɗinki. Tankin na zuba masa tsakuwa da kananzir na yi ta girgizawa yadda ka ce, har kafaɗata ta yi tsami. Abin da ya fito ba ya faɗuwa.

Na daɗe ina buga kik ba ko tari. Ƙafata ta kumbura. Rannan da hantsi sai ya yi atishawa, ya yi shiru, na sake bugawa ya ɗauka. Baƙin-Mai, muryarsa ba ta canja ba. Shago ya cika da hayaƙi, ni kuma na tsaya kamar wawa ina murɗa masa wuya. Can sai na ji ana buga cokali a ƙarfen gado daga cikin gida, da haka take kirana yanzu. Na shiga da sauri ina tsammanin wani abin ne. Na same ta tana dariya da rabin baki, hawaye na bin gefen da ya shanye. Ta ce, "Za…kara." Rabon da ta kira sunan wani abu ba a roƙe ta ba, na manta.

Mai walda na bayan gidan mai ya kawo injinsa cikin shago. Bakinsa ya fi wutarsa zafi. Da ya ga na zana komai da alli a ƙasa ya ce, "Baba Tela, riga za mu ɗinka masa ko wando?" Na ce ya bi alli kawai, ba shawara na kira shi ba. Ƙarfen tsohon gadonmu muka yanka muka yi gindin kujerar. Taya na samo ta ƙaramin babur wurin masu tsofaffin ƙarafa. Matakin keken ɗinkina na cire, shi zai zama wurin ajiye ƙafarta, tun da ni na daina taka shi. Soso da fata kuwa ba wanda zai koya mini. Da hannu na ɗinke, da lalube, matar mai aski maƙwabciyarmu tana zura mini zare.

Maganar noti. Ka rubuto cewa a ɗaure kujerar da noti yadda za a iya cire ta. Mai walda ma haka ya ce, kamar kun haɗa baki. Ni kuwa na ce matata ba za ta zauna a kan abin da aka ɗaure da noti ba. Noti ai maɓalli ne, kuma na ga ƙarshen maɓalli a rigunan mutane. Na sa ya like ta a jikin Zakara, ɗinki biyu a kowace gaɓa, ciki da waje. Ya ce, "Baba, wannan ko kotu ba ta raba su." Na ce haka nake so.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai. Kafin a yanka ƙarfe na ɗauki tef na auna ta tana kwance, ƙugu, cinya zuwa gwiwa, gwiwa zuwa diddige. Awonta a kaina yake tun tana amarya, ban taɓa buƙatar tef ba. Ta rame, aminina. Tef ɗin ya zagayo ya yi saura har na ɗauka kuskure na yi, na sake. Ban yanka a kan wannan awon ba. Na yanka a kan awonta na da, na kuma ƙara sarari kamar yadda nake yi wa rigar yaro mai tasowa, don za ta murmure ta cika wurin. Lungun ma na auna shi a inda ya fi matsewa, wajen barandar mai aski, zai wuce har da saura.

Ƙafar tata ce ba ta jira. Da safe in na miƙar mata sai na ji tana turjewa fiye da jiya. Babba yana kira kullum, ina ce masa ana shiri. Bai san shirin me ba.

A gaida kowa. Ka daina cewa autarka ta sa alamar faɗa a ƙarshen kowane layi, ina jin muryarka ko babu ita.

Naka,
Tela

*

Baƙin-Mai,

Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Ka yi haƙuri, yau gaisuwar gajera ce.

An gama. Na shafa wa kujerar jan fenti irin na tankin, na goge fitila, na ɗaura mata ɗamara ta yadi mai kauri da za ta riƙe ta. Ko kai da ka gani da ka yi shiru. Na buɗe ƙofar shago, na kama kan Zakara na tura. Tayar gaba ta fita. Kujerar ta daki bango.

Na ja baya na karkata, ta daki bango. Na kira mai aski da mai walda da wasu maza muka kwantar da shi a gefe, sai hannun babur ya tokare sama. Abin da ya hana bai fi faɗin tafin hannuna ba. Daidai sararin da na ƙara mata.

Na auna mace, na auna lungu, na auna har tsayin dakalin asibiti a kaina. Ƙofar da nake shiga tun ina da baƙin gashi ce ban auna ba. Wa ke auna ƙofarsa? Kullum da Zakara nake shiga da fita ta nan, ba ta taɓa cewa komai ba. Mai walda ya buɗe baki zai yi irin maganarsa, ya dubi fuskata ya rufe. Kai ma in za ka rubuto maganar noti, ka bari sai na mutu ka faɗa a wurin zaman makoki.

Na ce wa mai walda ya yanke a fitar a sake haɗawa a waje. Ya ƙi. Ya ce ƙarfen Zakara tsoho ne, ya riga ya sha wuta ciki da waje, na gadon ma ba kauri gare shi ba. In ya yanka ya sake likewa, shi ba zai ɗora tasa uwar a kai ba, don haka ba zai ɗora ta wani ba. Na zage shi, ya tsaya a kan bakansa.

Na kira magini. Ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can. Gefen dama ginshiƙi ne, shi ke ɗauke da rufin, ba a taɓa shi. Sai gefen hagu. Ya ce aikin safiya ɗaya ne.

Ka san abin da ke gefen hagu. Duk shekara in zan yi wa yara sababbin kaya, a nan nake tsayar da su, diddige a bango, in ja layi da bakin almakashi a siminti daidai kansu. Na Babba sun hau har sun wuce kafaɗata. Na ƙannensa na biye. Na 'yarmu 'Yar Baba kuwa a ƙuguna suka tsaya, shekarar da kasuwa ta ƙone, da zazzaɓin nan ya ɗauke ta. Kai ka tuƙa Zakara ranar, ni ina baya ina riƙe da ita, ba sai na tuna maka ba. Ba mu da hotonta ko ɗaya. Kayanta uwarta ta bayar tun a lokacin don ba ta iya ganinsu. Layukan nan ne kaɗai shaidar da ta rage cewa yarinyar ta taɓa tsayawa a duniya. Ƙannenta da aka haifa bayanta, a nan nake nuna musu ita.

Na tambayi magini ko zai iya ciro wurin a dunƙule. Ya murza simintin da yatsa ya nuna mini. Ya ce bugu ɗaya zai zama gari.

Labari ya kai wa Babba, ka san unguwa. Na shirya wa faɗa, da ya yi da na ji daɗi. Sai kawai ya ce mini a waya, "Baba, ka gaji. Ka bari haka nan." Ƙarshen makon nan zai zo da mota.

Ban gaya wa uwar yara ba. Na rufe shago na sa kwaɗo. In na rushe, na share yarinyar da hannuna. In na bari, za a tafi da uwarta. Ba shawara nake nema ba, kafin amsarka ta zo an gama komai. So nake kawai wani wanda ya san 'Yar Baba ya sani.

Ka gaida gida.

Tela

*

Zuwa ga aminina na tun gadar katako,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyalinka. Ina fatan takardata ta baya ba ta tayar maka da hankali da yawa ba. Yaya gwiwa? Ka ce wa autarka na gode, ta kusa hutawa da ni.

Na ce maka ban gaya wa uwar yara ba. Ashe ba sai na gaya mata ba. Matar da ta saba jin ƙarar guduma da zagin mai walda ta bango, sai ta ji tsit. Yau da hantsi ta yi ta buga cokali har na zo. Ta nuna wajen shago. Na ce fenti ne bai bushe ba. Ta kalle ni irin kallon da take yi mini in na ce wa mai kaya gobe alhali ko yankawa ban yi ba. Ta sake nunawa.

Ka san sai an fita ƙofar gida kafin a shiga shagon. Na ce mata akwai mutane a lungu. Ta miƙo hannu. Ni da matar mai aski muka tallafe ta, tana jan ƙafar, muka fita. Masu wucewa suka gaishe ta, ta ɗaga musu kai. Na buɗe kwaɗo muka zaunar da ita a kujerar, na ɗora ƙafarta a matakin kekena.

Ta yi ƙanƙanta a ciki, Baƙin-Mai, kamar yarinya a rigar uwarta. Ta shafa fatar, ta duba ɗinkin ta baya kamar yadda ta saba kama ni. Sannan ta sa hannu a sararin da ya rage a gefenta, ta dube ni. Ta daɗe tana kokawa da bakin kafin ta ce, "Wa… ka auna?" Na ce matata na auna. Ta ce, "Tsohon… banza." Matar mai aski ta juya tana gyara ɗankwali.

Daga nan ta dubi ƙofa, ta dubi faɗin kujerar, ta ga jan fentin da ya goge a jikin bango. Matar tela ce, ba ta buƙatar tef. Ta yi alama a tura ta gaba. Na tura Zakara har kujerar ta taɓa bangon. Ta ɗora tafin hannunta a kan layin 'Yar Baba na ƙarshe.

Sai ta nuna farin yadin da ke kan teburin yanka, wanda na yi aikin kafireta a kai, da tabon mai da komai. Na yago tsiri mai tsawo na kafa shi a jikin bango tun daga ƙasa. Tana danna babban yatsa a kan kowane layi, ina sa alli. Ba ta tsallake ko ɗaya ba, kuma ta san na wane ne kowanne, har inda ni na rikice tsakanin na Babba da na mai bi masa ta buge mini hannu. Da muka gama na ɗauko allura, kowane yaro da launin zarensa. Ni ba na ganin rami, ita ba ta da hannu biyu. Na riƙe allura, ta zura zare. Na yarinyar kore ta zaɓa.

Da na ɗaure zaren ƙarshe ta naɗe tsirin ta cusa a ƙirjinta. Ta buga bangon da bayan hannu, ta ce, "Fitar… da ni."

Kada ka ɗauka na samu sauƙi. Yadi ba bango ba ne. Kan yarinyar bai taɓa jingina da yadin nan ba, diddigenta bai taɓa shi ba. Bayan an mayar da uwarta ɗaki na koma na zauna a gaban wurin har aka kira la'asar. Kuma ban manta da abin da ka rubuto ba, cewa babur mai kujera yana ja gefe guda, wanda bai saba ba yakan sha kwana ya tsinci kansa a kwata. Ban taɓa tuƙa irinsa ba. Zan ɗora buhun yashi a kujerar in yi ta hawa da sauka a lungu har hannuna ya gane shi, kafin in ɗora ta. Jibi Babba zai iso. Ban sani ba ko zai yarda ya bar uwarsa a hannun tsoho da babur ɗin da ya girme shi. So nake dai in ya shigo lungu ya tarar ba ma nan, mai aski ya ce masa sun tafi asibiti, ya zauna ya jira.

Ka gaida iyali, ka gaida duk wanda ya tambaye ni. In gwiwa ta bar ka, ka zo ka ga yadda na lalata maka Zakara.

Magini ya kawo gudumarsa ya ajiye a shago. Na ce masa ya zo da hantsi ya gyara bakin ƙofar ya sa sabon katako, amma rushewar tawa ce, ba wanda zai taɓa bangon nan sai wanda ya ja layukan. Gobe da safe in na idar da salla zan buɗe shago in ɗauki gudumar. Daga sama zan fara, daga na Babba, in yi ta saukowa.

Amininka har kullum,
Tela